Yadda za ka shiga kasuwa a Kaduna ka fito da kayanka da cikinka lafiya

Abu na farko dai ka san me ya fito da kai, don Kaduna ba kasuwa ɗaya gare ta ba. In atamfa ce ko shadda ko takalmi ko kayan kicin, Santaral ka nufa, wato kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke kan Ahmadu Bello Way. Gwanjo da ɗinki kuwa sai Kasuwar Barci a Tudun Wada. Kayan miya Bakin Dogo, ita kuma Kawo ranar Talata take ci sosai, ranar nan fa ko wajen sa ƙafa sai ka nema.

Ka fito da wuri, wajen ƙarfe tara zuwa goma, kafin rana ta take. Motarka ka bar ta gida ka hau keke Napep, wallahi neman fakin kaɗai ya isa ya ɓata maka rai. Ka riƙe ƴan canji a aljihun gaba, manyan kuɗi da waya kuma a ciki can, saboda ƴan sane ba sa hutu. Yawancin shaguna suna karɓar transfa amma netwok in ya tashi tsiyarsa haka za ka tsaya kai da mai shago kuna kallon waya kamar masu jiran sakamakon jarabawa, ga masu POS nan dai amma da cajinsu.

Ciniki shi ne inda baƙo ke shan kashi. Ka fara da sallama da gaisuwa, Alhaji ya kasuwa, Hajiya ya ciniki, sannan ka tambayi kuɗi. Kuɗin farko ba shi ne kuɗin ba. Ka taya ƙasa sosai, zai ce albarka, ka ɗan ƙara, in ya ƙi ka ce Allah ya ba da kasuwa ka juya a hankali, in akwai riba a tayinka kafin ka yi taku biyar za ka ji "zo kawo". Amma don Allah in an sallama maka ka biya, taya kaya a sallama ka gudu rashin mutunci ne. Kuma kar ka bi yaran da ke tare ka a bakin ƙofa suna me kake nema, ladansu a cikin kuɗinka za a ɗora. Atamfa ka sa a warware turmin ka gani, hatsi kuma ka duba gindin mudun ko an bubbuge shi, in an gama awo ka nemi gyara.

To sai batun ciki. Ni dai ƙa'idata, inda wuta ke ci kuma mutane suka yi layi nan nake tsayawa. Da safe masa da ƙosai, ka tsaya a kwaso maka daga tanda da zafinta, ba wadda ta huce a roba ba. Da rana ɗan wake ko awara da yaji, ka kora da fura da nono, amma ka kalli ruwan da ake dama furar tukuna. Tsire da balangu sai bayan la'asar, ka ce mai nama ya ba ka ɗanɗano, ka sa ya mayar maka kan wuta ya yanka albasa sabuwa, yajin kuma a ƙulle shi daban in gida za ka kai.

Kaya in sun yi nauyi ka kira mai baro, ku yi ciniki kafin ya ɗora, kuma ka bi shi a baya har bakin titi.