Kafin ku sa kat-kat (jan ƙafa huɗu) a hanyar Tanut ko Tesker

Salamu alaikum ƴan uwa direbobin Damagaram. Duk mai Hilux ko Land Cruiser da zai shiga rairayi, ya fara leƙa ƙarƙashinta. Kama kardan, wato dogon ƙarfen da ke juyawa yana kai ƙarfin inji ga tayoyi, da hannu ka girgiza. In ka ji yana ƙwas-ƙwas, kurwaziyon, wato gaɓar da ke bakin kardan, ya ci, a canja shi nan gari kafin ya tsinke a daji. A sa masa giris kuma, don ƙura na shanye shi da wuri.

Farantin ƙarfen da ke kare kartar mai, wato kaskon man inji, daga dutse da kututture, kada ka bari mai walda ya liƙe shi da jikin shasi. A ɗaure shi da bulo, wato ƙusar da ake iya kwancewa, a bar rami wajen zubar da mai. Busasshiyar ciyawa na taruwa a kansa kusa da salansa mai zafi, kuma ta nan wuta ke kama mota, shi ya sa nake kakkaɓe nawa duk inda na tsaya.

Da damina, in ka ratsa korama, duba man fon, wato tukunyar giya da ke tsakanin tayoyi. In ya koma fari kamar fura, ruwa ya shiga, zubar da shi. Ka hau kwalta, fidda motar daga kat-kat.