Yadda Ake Saita Windows Domin Rage Jinkirin Sauti a Situdiyo

Mawaƙin da ya tsaya gaban makirufo da abin ji a kunne yana bukatar ya ji muryarsa a daidai lokacin da ta fito daga bakinsa. Idan ta dawo masa a makare, ko da da ƙiftawar ido ne, sai ya riƙa saɓa wa kiɗa, mai ɗaukar sauti kuma ya yi ta cewa a sake. Wannan makarar ita ce jinkirin sauti. Ana auna ta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma galibi saitin kwamfuta ne ke haddasa ta.

Da direba ake farawa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da na'urar sauti. Wanda Windows ke zuwa da shi yana zagayawa da sauti kafin ya kai kunne, shi kuwa ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙira, yana haɗa manhajar kiɗa da katin sauti, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ta kuma fitar da shi, kai tsaye. Sai a sauke direban ASIO na katin daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, a zaɓe shi a sashen saitin sauti na manhajar kiɗa, kamar FL Studio ko Cubase. Direban ASIO4ALL maneji ne ga wanda ba shi da katin waje.

Bayan nan sai girman bafa, wato yawan gutsattsarin sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su. Idan ana ɗaukar gutsure 48,000 a kowace daƙiƙa, bafa mai 128 tana jawo jinkirin milisakan 2.7, mai 256 tana jawo 5.3, mai 1,024 kuwa ta haura 21. Da yake muryar shiga take yi sannan ta fito, abin da kunne zai ji ya kai ninki biyu na wannan lissafi, har da ɗoriya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka milisakan 10 tamkar mutum ya tsaya mita uku da rabi ne daga lasifika, kuma mafi yawan mawaƙa suna iya jure wannan. A fara da 256, a sauko 128, a saurara da kyau. Idan sautin ya soma ƙaraf-ƙaraf yana yankewa, kwamfutar ta gaza, sai a koma inda aka baro. Lokacin haɗa sauti ana iya ɗagawa zuwa 1,024, tunda babu mai rerawa.

Mataki na uku shi aka fi mantawa da shi. Windows yana rage gudun furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin tsimin wuta, musamman a kan batir, shi ya sa laftof ɗin da ke aiki lafiya lau kan soma shaƙewa da zarar an ɗauke wuta, kafin yaro ya je ya tayar da janareta. A shiga Power Options ta Control Panel, a zaɓi High performance, a mayar da Minimum processor state 100 a kan batir da kan caji duka, sannan a kashe USB selective suspend domin kada kwamfutar ta sa katin sauti barci. Batir zai riƙa saurin ƙarewa, amma a ganina hakan ya fi a rasa ɗauka mai kyau.

Kafin a fara aiki a kashe Wi-Fi da Bluetooth, a rufe burauza. Idan yankewar ta ci gaba, manhajar LatencyMon takan nuna direban da ke riƙe furosesa. A bar ta ta yi kamar minti goma waƙa na tafiya.

Katuna da yawa suna da maɓallin Direct Monitor, wanda ke mayar da murya kunne ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Sai dai muryar zalla za a ji, babu amo, babu Auto-Tune mai gyara murya. Idan mawaƙi ya ce sai ya ji gyaran kafin ya iya rerawa, a rufe maɓallin, a tsaya a kan 128, a kashe duk manhajojin ƙawata sauti masu nauyi har a gama ɗauka.