Yadda Ake Wadari da Ɗora Zare a Masaƙar Hannu

Yawancin aibin da ake gani a jikin saƙa tun wajen wadari, wato jera zaren tsaye a kan turaku, ake shuka shi, kuma ƙoshiya ba ta gyara zaren da aka ɗora a karkace. Don haka kafin ka kafa turke, zauna ka yi lissafi.

Zaren tsaye shi ke shan ja da gugar allera (jerin idanun zare da ke ɗaga sili su sauke) da matsefi, dole ya kasance mai murɗi sosai. Yanki kamu ɗaya ka fizge shi da hannu biyu. In ya tsinke ƙas, zai yi. In ya saɓule a hankali kamar auduga, ajiye shi ya zama na kwance. Zaren auduga mai gashi-gashi kuwa a tsoma shi a ruwan sitaci marar kauri, a shanya ya bushe sarai kafin a yi wadari da shi.

Don sanin yawan sili, naɗa zaren a jikin rula, kowane zagaye na taɓa ɗan'uwansa ba tare da matsi ba. In ka sami zagaye 16 a santimita ɗaya, saƙar talaka, wato ɗaya sama ɗaya ƙasa, rabin haka take ci: sili 8 a santimita. Saƙa tana tsukewa, don haka mai son faɗin santimita 40 ya ɗora na 44, sili 352 ke nan. Tsawo ma haka: in mita 2 kake so, ƙara kashi 10 cikin 100 saboda zaren yana lanƙwasa sama da ƙasan na kwance, sannan ka ƙara kamar santimita 70 na asara, wanda ƙulli zai ci da wanda zai rage a bayan allera. Ka yi mita 3 ka huta.

Yanzu wadari. Ka auna igiya mai wani launi daidai da tsawon nan, ka zaga turaku da ita don ta zama maka hanya. Kusa da ƙarshe ɗaya a sami turaku biyu, tsakaninsu kamar santimita 15. Wajen tafiya zare ya bi saman na farko da ƙasan na biyu, wajen dawowa ya yi akasin haka, sai ka ga gicciye ya fito kamar lamba 8. Wannan gicciyen shi ke riƙe da jerin zaren, wane ne na ɗaya, wane ne na biyu. Ya kuɓuce, sai ka kwana kana warware sarƙaƙiya. Kada ka ja zaren da ƙarfi. Turaku za su sunkuyo ciki, silin ƙarshe su fi na farko gajarta. Mutum ɗaya ya fara ya gama, a zama ɗaya in da hali, don hannu biyu ba sa ja iri ɗaya. Duk sili 20 ka zarga ɗan zare mai launi, kada ƙidaya ta ɓace maka in aka yi sallama.

Kafin ka cire daga turaku, ɗaure gicciyen a ƙafafunsa huɗu, sannan ka yi ɗauri mai tsauri a kowace mita. Ka cire daga ƙarshen da ba gicciye, kana kitsa shi kamar sarƙa.

A masaƙa, zura sanduna biyu masu santsi ta gefe-gefen gicciyen, ka ɗaure bakunansu, sannan ka kwance ɗaurin. In masaƙarka mai sandar naɗi ce a baya, baza zaren daidai faɗin saƙar, wani ya riƙe da ja iri ɗaya kai kana naɗawa, kana cusa takarda mai kauri tsakanin kowane zagaye. In babu takardar, zaren sama zai nutse cikin na ƙasa, na gefe ya zame, kuma ba za ka gane ba sai ka saƙa mita guda, wasu sili sun saki. In kuwa mai kunkuru ce, wato katakon da ake ɗora wa dutse a ɗaura masa ƙarshen zaren, nauyin dutsen ya kai yadda zai riƙe zaren tsam amma ya biyo ka in ka naɗe saƙa.

Shigar da zare a allera aikin natsuwa ne. Ɗauko sili bi da bi yadda gicciye ya ba ka, na farko a allerar gaba, na biyu a ta baya. Duk sili 16 ka tsaya ka duba, ka yi ɗan ƙullin zarge. A matsefi, nemo tsakiya ka auna santimita 22 zuwa dama, daga nan za ka fara. Matsefi mai ƙofa 4 a santimita, sili bibbiyu ke shiga kowace ƙofa.

Ɗaura a sandar gaba damtse-damtse, kowane bai wuce faɗin santimita 3 ba, da rabin ƙulli tukuna. Rufe ido ka shafa tafin hannu a kan zaren daga gefe zuwa gefe. Hannu ya fi ido gane wanda ya saki. Sai ja ya daidaita ka ƙarasa ƙullin.

Taka mataki ka leƙa ta gefe. Silin da ya tsaya a tsakiyar baki, wato buɗin da ƙoshiya ke bi, bai hau ba bai sauka ba, ya harɗe da maƙwabcinsa tsakanin allera da matsefi: zare su biyun ka mayar. Sili biyu maƙwabta suna tashi tare, an yi kuskuren allera. Ɗaura sabon ido da zare mai ƙarfi a wurin da ya dace. Farin layi a tsaye kuwa ƙofar matsefi aka tsallake, kuma ba makawa sai an sake zurawa daga nan har gefe. In komai ya yi, jefa zare mai kauri sau huɗu ko shida har giɓin da ke tsakanin damatsa ya rufe, sannan ka ɗauki ƙoshiya.