Yadda Ake Haɗa Katunan Koyar da Turanci don Aji Mai Cunkoso da Takarda Kaɗan

Malamin da ya shiga intanet neman takardun aikin Turanci na yara zai tarar da su birjik: hoton dusar ƙanƙara, bishiyar tuffa, kare yana kwance a kan kujerar falo, duka da launi mai ɗaukar ido. An yi su ne don ajin da bai wuce yara ashirin ba, kowa da tasa takardar, ya cike yau gobe a jefar. A firamaren gwamnati kuwa ba abin mamaki ba ne a ƙirga yara 80 a aji ɗaya, kuma kuɗin fotokwafi daga aljihun malami yake fita. Saboda haka dabarar ita ce a buga abin da za a yi ta juyawa har ƙarshen zango, a kuma buga wa rukuni, ba wa kowane yaro ba.

Ga lissafin. Takardar aiki guda ga yara 80 tana cin falle 80, a rana ɗaya ta ƙare. Amma falle ɗaya na A4 yana ba da kati 8. Idan aka raba ajin rukuni 10 na yara takwas-takwas, kowane rukuni ya samu kati 24, falle 3 ke nan sau 10, wato falle 30 kacal. Waɗannan katunan, in an kula da su, ajin baɗi ma zai ci gajiyarsu.

Mataki na farko: a gano inda harshen yaran ke tuntuɓe

Kafin a taɓa kwamfuta, a zauna da biro a rubuta abin da ke ba yaran wannan ajin wahala. Nan ne takardun ƙasashen waje ba su da abin da za su tsinana mana, domin wanda ya tsara su bai san Hausa ba.

Haruffan boko na Hausa ba su da p, q, v da x. Sautin da muke rubutawa da f shi ma ba irin na Turanci ba ne: Bature yana ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, mu kuwa da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa wani lokaci yake fita kamar p. A Sakkwato da yawancin Nijar ma hw ake ji, "hwari" a maimakon "fari". Ke nan a kunnen yaro "pan" da "fan" abu ɗaya ne, haka "pull" da "full". Harafin v kuma b yake komawa, "vote" da "boat" su kusa zama ɗaya. Sautin th yakan zama s ko z, "think" ta koma "sink". Sannan ga harafin c: yaron da ya iya karanta "ciki" da "cokali", in ya ga "cat" a allo, abin da ya sani zai faɗa, kuma ba laifinsa ba ne.

Wasula su ne babban aiki. Hausa tana da biyar, kowanne da gajere da dogo; Turancin Ingila yana da sautukan wasali kusan 20 da ake rubutawa da waɗancan haruffa biyar ɗin. "Cap" da "cup" sai su narke su zama abu guda. Ga kuma baƙaƙe masu haɗuwa babu wasali a tsakani, waɗanda bakinmu bai saba da su ba sai ya cusa wasali, kamar yadda "bread" ta zama burodi tun zamanin kakanni.

Malaman da suka samu horon Jolly Phonics, tsarin koyar da karatu ta sautin haruffa wanda jihohi da dama suka shigar makarantunsu, sun san sautuka 42 da kuma rukunin farko: s, a, t, i, p, n. A lura cewa p tana nan tun a makon farko. A ganina ita kaɗai ta cancanci mako guda a ajin Hausawa, ko da jadawali bai ce haka ba.

Daga wannan jerin sai a zaɓi kalmomi 24, bibbiyu masu kama da juna, kuma waɗanda za a iya zana hotonsu: pan da fan, pin da fin, cap da cup, ship da sheep, vest da best, coat da goat. In kalma ba ta zanuwa, a bar ta zuwa wani lokaci.

Mataki na biyu: tsara shafin

Ba dole sai da kwamfuta ba. Manhajar WPS Office ko Canva a waya sun isa, wanda ke da Microsoft Word kuma shi ke nan. A buɗe shafin A4, a saka jadawali mai ginshiƙi 2 da layi 4. Kowane gida zai zama kati mai kusan santimita 9 da 7, daidai tafin hannun yaro. A bar santimita ɗaya da rabi a gefe-gefe, don injin fotokwafi yakan cinye baki.

Zaɓin salon rubutu ba ado ba ne. Times New Roman yana fitar da a da g masu lanƙwasa waɗanda ba su yi kama da abin da malami ke rubutawa a allo ba, yaro ɗan aji ɗaya sai ya ɗauka wasu haruffa ne dabam. A yi amfani da Century Gothic ko Comic Sans, su ne a ɗinsu yake kamar na hannu. Ƙananan haruffa za a sa, ban da farkon suna. Girman rubutu 60 zuwa 72 ya ishi katin hannu. Katin da malami zai ɗaga a gaban aji kuwa kalma ɗaya ce a rabin falle, girma 150 ko fiye.

Hoto ya zama zanen layi baƙi a kan fari. Hoton da aka ɗauka da waya, in ya bi ta injin fotokwafi, baƙi ƙirin yake fitowa kuma ya sha tawada. In ba a samu zanen da ya dace ba, a bar gidan babu komai, bayan an buga kwafin farko a zana da baƙar maka. A kowace makaranta akwai ɗan aji shida mai hannun zane. A ba shi aikin, akuyarsa za ta fi ta intanet kama da akuya.

In an gama a mayar da shi PDF kafin a tura wa mai shago ta WhatsApp. In aka tura a Word, kwamfutarsa ba lallai tana da irin rubutun da aka zaɓa ba, sai komai ya watse.

Mataki na uku: bugawa da yankawa

A buga kwafi ɗaya tak tukuna. A kai shi aji, a manna babban katin a allo, a koma benci na ƙarshe a duba. In malami da kansa sai ya ƙanƙance ido, yaro ba zai gani ba.

A tambayi mai shago irin firintarsa. Mai aiki da hoda ita ce ake so, domin rubutunta ba ya narkewa in ruwa ya taɓa shi. Mai tawadar ruwa kuwa gumin hannu kaɗai ya isa ya ɓata ta. Daga wannan kwafin sai a yi fotokwafin sauran. In za a yi da yawa, ya fi sauƙi malamai biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi rim guda mai falle 500, su kai wa mai shagon su yi ciniki a kan aikin inji kawai.

Sa leda da inji yana da kyau amma da tsada. Abin da ya fi araha shi ne kwalin taliya ko na sabulu daga masu shago. A manna fallen gaba ɗaya a kan kwalin kafin a yanka, ba kati-kati ba. Gam na ruwa ko kokon rogo ya yi, a shafa shi siriri, a danne da littattafai masu nauyi ya kwana. Washegari a bi fuskar da faffaɗan salatif mai garai-garai, sannan a yanka. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: a ɗiga wa bayan kowane saiti alamarsa, na rukunin farko lamba 1 a duka katunansa 24, na biyu lamba 2, har zuwa 10. Ranar da aka tsinci kati a ƙarƙashin benci, an san gidansa.

Mataki na huɗu: sa katunan aiki

Kati ba ya koyarwa da kansa. Ranar farko ma ba a raba shi. Malami ya ba kowane yaro ɗan yankin tsohuwar takarda ya riƙe a gaban bakinsa. In ya ce "pan" daidai, iskar da ta fashe daga leɓɓansa za ta kaɗa takardar gaba ɗaya. In zai ce "fan", ya ciji leɓen ƙasa kaɗan ya hura. Ajin zai cika da dariya da yawu, a bar su, minti biyar ne.

Rana ta biyu sai a raba. Kowane rukuni ya shimfiɗa katunansa a benci. Malami ya faɗi kalma ɗaya sau biyu, rukuni su yi shawara, ɗaya ya ɗaga katin. Daga gaban aji malami yana ganin kati goma a sama, nan take ya san wane rukuni ne bai ji bambancin ba, ba tare da ya duba littafi ko guda ba. Bayan kwana biyu sai malami ya juya baya in zai faɗa, don yaran suna da wayo, leɓensa suke karantawa.

In kunne ya fara faɗawa sai a koma baki. A kife katunan, yaro ya buɗe biyu. In abokan juna ne, kamar "ship" da "sheep", kuma ya furta su yadda 'yan rukuninsa suka yarda sun ji bambanci, ya ci su. In ba haka ba ya mayar. Yara sun fi malami tsanani wajen alƙalanci a nan.

Da jadawalin nan mai gida 8 dai ake yin katunan jimla. A rubuta gajerun jimloli, a yanka kowace kalma dabam, a zuba a ambulan, rukuni su jera. A zaɓi jimlolin da tsarinsu ya saɓa wa namu. Mu "awaki uku" muke cewa, lamba a baya. Su "three goats", lamba a gaba. Mu kowane abu ko namiji ne ko mace, shi ya sa yaro zai kira mota "she" ya kira littafi "he", don haka a yawaita katin "it". A sa "a" da "the" fiye da kima a cikin ambulan, domin su ne yara ke bari a kan benci kamar ba su da amfani.

Ga 'yan aji huɗu zuwa sama akwai wasan kasuwa: katunan kaya masu hoto da farashi, albasa, tattasai, sabulu, ashana, sai kuɗin wasa. Kada a kwafi takardar naira ta gaske, doka ta hana. A rubuta 50, 100, 200 da 500 a cikin gidajen jadawalin ya wadatar. Mai saye ya tambayi farashi da Turanci, mai sayarwa ya amsa ya ba da canji. Wanda ya suɓuce ya yi Hausa ba a dukansa, ya dai rasa ciniki.

Mataki na biyar: ɗan littafi daga falle ɗaya

Wannan ne kaɗai nake ganin ya dace a buga wa kowane yaro nasa, sau ɗaya a zango, don ya je da shi gida. A ninke fallen A4 ɗaya gida biyu, a sake ninkewa, a ƙara, in an buɗe za a ga gida 8. A ninke shi biyu ta gajeren gefe, a sa almakashi daga bakin ninkin a bi layin tsakiya a yanka tsawon gida ɗaya kawai. A buɗe, a ninke ta dogon gefe, a kama ƙarshen biyu a tura su ciki. Wurin da aka yanka zai buɗe baki, sai a haɗe shi ya zama littafi mai shafi 8, ba ɗinki ba gam.

Kada a wahalar da kai wajen tsara shi a kwamfuta, domin shafukan layin sama a kife suke zuwa. A fara ninka farar takarda, a sa wa shafukan lamba tana a ninke, a warware, a rubuta labarin da hannu a bi lambobin, a kai fotokwafi. Jimla ɗaya a kowane shafi, da kalmomin da suka riga suka yi wasa da su, a bar rabin shafin fili yaro ya zana hotonsa. Wanda ke son labari shiryayye, shafin African Storybook yana da na yara kyauta da Turanci da Hausa, kuma an yarda a sauke a buga. Shafin yara na British Council ma yana da takardun aiki kyauta, sai dai a tace, a ɗauki wanda hotonsa yaro ya taɓa gani da idonsa.

Mataki na ƙarshe: ajiya

Kowane saiti a ɗaure shi da robar ɗaure kuɗi, a sa a ledarsa, duka a cikin bokitin roba mai murfi. Kwali a kan kwali a kusurwar ofis abincin gara ne, da damina kuma laima ta ɓanɓare gam ɗin. A naɗa yaro ɗaya a kowane rukuni mai ƙirga kati kafin a tashi. In ba su cika 24 ba rukunin ba ya fita tara sai an nemo. A ajiye kwafin asali da ba a yanka ba a cikin fayil, PDF ɗin kuma a tura wa kai ta imel, saboda waya tana ɓata.

Bayan mako uku ko huɗu yaran za su haddace katunan, har su riƙa gane "cup" ta wani tabo da ke gefenta. Daga nan sai a yi musaya da malamin ɗaya ajin, ko a buga sabbin 24 a kan sautukan da suka rage, a ajiye tsofaffin sai bitar ƙarshen zango.