Yadda darakta zai jawo unguwa cikin gyaran lakwal

Darakta da yawa a nan Damagaram, in an kawo su sabuwar lakwal, sai su shige biro su tsara abin da suke so, sannan su kira iyaye taro don a ce "to". Ana cewa "to" ɗin kuwa, tunda ba a musu da mushe, wato malamin lakwal, a gaban jama'a. Amma ranar aiki sai a duba, daga shi sai mai gadi. Ga yadda ake kauce wa hakan.

Makonni biyun farko bayan shigowar Oktoba, ka ajiye biro ka yi amfani da ƙafa. Je gaida mai unguwa da liman, ba da takarda ba, gaisuwa kawai. Zauna da malamanka ɗaya bayan ɗaya, har da ƴan kwantaragi, domin a taron malamai ba kasafai suke buɗe baki ba, alhali su ke riƙe da ajujuwa da yawa. Tambaya ɗaya ta isa: "Malam, me ya fi hana ka aiki a ajin nan?" Ka tambayi ƴan CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, su ma. Yarinya ce za ta gaya maka cewa ba lalaci ke sa ta makara ba, layin famfo ne, kuma duk wanda ya yi bazara a Zinder ya san ba ƙarya take ba.

Sai ka duba kwamitin makaranta, wato CGDES, wanda har yanzu mutane ke kira COGES. A cikinsa akwai wakilan iyaye, da na ƙungiyar uwaye ta AME, da wakilin malamai, da kai kanka. In ka tarar shugaban ya shekara da shekaru ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi, a sake zaɓe, kuma da ƙuri'ar asiri. Wannan ba sabon abu ba ne: shirin "Makaranta Don Kowa" da Japan ta tallafa ya fara shi a Tawa a 2004, zuwa 2007 ya game ƙasa. Dalilinsa a fili yake. In aka ce a ɗaga hannu, wa zai ƙi ɗaga wa surukinsa, ko alhajin da yake cin bashi a shagonsa? Ma'aji kuwa, a ganina a ba mace in an samu mai so.

Yanzu ne taron gaba ɗaya, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Kada a sa shi ranar Alhamis, mutane na kasuwa. A yi shi bayan la'asar, da Hausa tsantsa, a bar Faransanci a aji. Kafin ka faɗi komai, kira yara biyar ƴan CE2, wato aji na huɗu, ka ba su gajeren rubutu su karanta, ka ba su lissafin ragewa a allo. Kada ka faɗi sunan uban kowa, kada ka zaɓi masu ƙoƙari kaɗai. Uban da ya ga yaro ya shekara uku a lakwal yana in-ina a kan layi ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga nan ka yi shiru, ka bar su su yi magana. In uwaye sun noƙe a baya, ka ce, "Hajiya, ku da kuke tashinsu da safe, me kuka gani?"

Za a lissafo matsaloli goma sha: tabul-ban, bayan gida, katanga, ruwa, littattafai. Kada a ɗauke su duka. A zaɓi buri ɗaya da za a iya faɗa da numfashi guda, misali "kowane ɗan CP, wato aji na biyu, ya iya karanta jimla kafin hutun damina". Sauran ayyuka su bi bayansa. Abu ɗaya ne ba ya jiran ƙuri'a: in akwai ajin zana, a share ciyawar kewaye, a buɗe masa ƙofa ta biyu, a nisanta masu tuya. Gobarar Maraɗi ta Nuwamban 2021 ta cinye yara sama da 20 a irin waɗannan ajujuwa.

Sannan a raba aiki da suna da rana, a rubuta a takardar tsarin shekara. Wane zai kula da karatun yamma, wance za ta bi gidajen ƴan matan da suka daina zuwa. Gudummawa ba sai kuɗi ba: magini ya ba da yini guda, mai amalanke ya kawo yashi, mai dala ashirin ya kawo dala ashirin ɗinsa. Kai darakta kada kuɗin ya kwana a aljihunka, ko jika ɗaya. Abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta da alli a jikin bango, inda mai wucewa zai gani. Zargi ya fi talauci kashe kwamiti.

A tsakiyar shekara, wajen Fabrairu, a sake taruwa a gwada yara irin gwajin farko. Abin da bai yiwu ba ka fara faɗinsa da bakinka, kafin wani ya faɗa. Takardun duka, har da na kuɗi, a yi kwafi biyu, ɗaya a biro ɗaya a hannun shugaban kwamiti, don ana iya yi maka canjin wuri kafin wata Oktoba.