Matasa da Giya a Ƙasar Waje: Abin da Sabon Zuwa Zai Tarar

Iyayen da suka sauka a Turai ko Amurka da 'ya'ya masu tasowa, haka nan ɗalibin da ya zo karatu shi kaɗai, za su tarar ana sayar da giya a fili, a jere a manyan kantuna kusa da lemon kwalba. Dokar shekaru ta bambanta: a Amurka sai mai shekara 21 ake sayar wa, a Birtaniya 18, a Jamus kuwa ɗan shekara 16 yana iya sayen giya marar ƙarfi.

Ba daɗin giya ke fara jan matashi ba, domin kurɓar farko ɗaci gare ta. Abin da ke jan sa shi ne neman shiga cikin tsara, da kaɗaici, da kewar gida, musamman lokacin hunturu da duhu ke rufawa tun la'asar. A jami'o'in Birtaniya akwai makon maraba da sababbin ɗalibai, kuma da yawa daga cikin tarukansa a mashaya ake yin su. Ga yaro a kicin ɗin gidan kwanan ɗalibai, bai san kowa ba, kowa da kofi a hannu, sai wani ya miƙo masa nasa da fara'a. A wannan lokaci tsoron a ce masa baƙauye ya fi duk wata nasiha ƙarfi. Shan matasa kuma na dare ɗaya ne: a kwankwaɗa da yawa cikin ɗan lokaci don a bugu. Hukumomin lafiya na Amurka suna ɗaukar kofi 5 ga namiji ko 4 ga mace cikin kamar awa 2 a matsayin shan ganganci.

Sai dai zaton cewa kowa yana sha kuskure ne. A Ingila, matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 da ba sa sha sun ƙaru daga kashi 18 cikin ɗari a 2005 zuwa kashi 29 a 2015. Wanda ya ce "ba na sha" ya tsaya a nan, ba tare da dogon bayani ba, yawanci ana ƙyale shi.

Iyaye da yawa suna ganin tunda addini ya haramta, magana ta ƙare, sai su ja bakinsu su yi shiru. A ganina wannan shirun shi ne babban giɓi. Ƙasar Aisland ta gwada wata hanya: aka hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawon dare, aka buɗe musu wasanni da kiɗa bayan makaranta, aka kuma ja hankalin iyaye su riƙa zama da 'ya'yansu, su san abokansu. A 1998 kashi 42 na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu cikin watan da ya gabata. A 2016 saura kashi 5. Saboda haka a nemo wa yaro ƙungiyar ƙwallo ko ta ɗalibai tun makon farko, a kuma tabbatar masa cewa ko ya yi kuskure zai iya kiran gida da tsakar dare a zo a ɗauke shi.

Tuƙi cikin maye yana iya jawo soke biza a Amurka. Idan kuma aboki ya bugu har ya suma, kada a bar shi shi kaɗai. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, sannan a kira 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, ko 911 a Amurka.