Yadda za ku samo shinkafar tafki ta Mahnomen, ku dafa ta ba tare da kun ɓata ta ba

'Yan uwa mazauna Minnesota da Dakota ta Arewa kan tambaye ni ina nake samo doguwar shinkafar nan mai ƙamshin hayaƙi da nake haɗawa da miyar alayyahu. Wasu har sun sayo irinta a babban kanti, baƙa wuluk mai sheƙi, sun dafa awa guda ba ta nuna ba, sai suka ce abin yaudara ne. Ba ita kuka sayo ba. Ta gasken a tafki take fitowa da kanta, kuma masu ita 'yan ƙabilar Ojibwe ne, daga cikin 'yan asalin Amurka, suna kiranta manoomin. Ni a gundumar Mahnomen da kewayenta nake sayen tawa, ga kuma yadda ake yi.

Ku fara sanin ƙasar wa za ku taka. Mahnomen ƙaramar gunduma ce a arewa maso yammacin Minnesota, mutum 5,411 aka ƙirga a cikinta a 2020, kuma ita kaɗai ce a jihar da take ɗungurungum cikin ƙasar da aka keɓe wa 'yan asalin Amurka, wato White Earth, wadda yarjejeniyar 1867 ta kafa. Amma kada ku zaci duk gonar da kuka wuce ta Ojibwe ce. Dokar Nelson ta 1889 ta yayyanka ƙasar al'umma zuwa filayen ɗaiɗaikun mutane, wata doka ta 1906 ta buɗe ƙofar sayar da su, masu katako da 'yan baranda suka yi ca, mafi yawan ƙasar ta kuɓuce daga hannun masu ita. A wannan shekarar ta 1906 aka yanki gundumar daga ta Norman. Wannan tarihin yana bakin mutane har yau, shi ya sa ba sa wasa da abin da ya rage musu, musamman tafkuna da shinkafar da ke ciki.

Lokacin zuwa shi ne daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. Ana girbi daga ƙarshen Agusta, sai an gama gyara sabuwar shinkafa ke fitowa. Hanya ba wuya: daga Fargo ko Minneapolis ku hau titi mai lamba 10 zuwa Detroit Lakes, ku miƙe arewa kan 59. Za ku wuce Callaway da Ogema da Waubun kafin garin Mahnomen. Yamma da titin gonakin alkama ne da waken soya shimfiɗe har iya ganinku, gabas kuma daji ne da tafkuna, ta wajen Naytahwaush. Ku cika tanki tun daga Detroit Lakes, ku kuma kama hanyar gida kafin magariba, don barewa na faɗowa titi ba sallama.

Abin da ba za ku yi ba shi ne ɗaukar kwalekwale ku shiga tafki da sunan ku ma za ku girba. Dokar jihar ta hana kowa girbi a ruwan White Earth sai 'yan asalin ƙasar da mazauna cikinta, kuma hukumar al'ummar ce ke faɗin ranar buɗe kowane tafki. Ko a sauran tafkunan jihar, inda ake yankar lasisi, akwai ƙa'ida: kwalekwale kada ya wuce ƙafa 18 a tsawo da inci 36 a faɗi, sandunan kaɗawa kada su wuce inci 30, kowace ba ta kai rabin kilo ba, kuma ɗiban wadda ba ta nuna ba laifi ne.

Sanin yadda ake aikin shi zai sa ku gane kaya mai kyau. Mutum biyu ne a kwalekwale. Ɗaya yana tsaye yana turawa da doguwar sanda mai baki biyu don kada ya tumɓuke saiwa. Ɗayan yana zaune da sanduna biyu, ya lanƙwaso zangarniya da ɗaya, ya kaɗe ta a hankali da ɗayar. Wadda ta nuna ce kawai ke zubowa, mai yawa kuma tana faɗawa ruwa ta zama irin baɗi, ba a ɗaukar wannan a matsayin asara. Kafin a shiga, da yawa sukan ajiye ɗan taba a ruwa don godiya. Bayan an fito sai a shanya, a soya ta ba mai a kan wutar itace ana juyawa, a murje ƙaiƙayi, a bakace. A da, da ƙafa ake murjewa, mutum ya sa sabon takalmin fata ya dinga takawa kamar mai rawa, a bakace da faifan ɓawon itace. Yanzu yawanci ƙananan injuna ke wannan ɓangaren. Buhun ɗanya da kyar yake ba da rabinsa in an gama.

To, in kun zo saye, ku karanta leda. Dokar Minnesota ta tilasta a rubuta “cultivated” ko “paddy grown” a jikin wadda aka noma a fadamun da aka gina, ake girbe ta da inji. Wannan ita ce ta manyan kantuna, an fara nomanta sosai a shekarun 1960, har California ma tana yi. Ku nemi ta girbin hannu, wadda aka rubuta “hand harvested”, ku kuma duba da ido: launinta ba ɗaya ba ne, akwai ruwan ƙasa, akwai toka-toka, akwai mai ɗan kore, ba ta sheƙi, in kun shinshina za ku ji hayaƙi. Bambancinsu kamar na shinkafa 'yar gida ne da 'yar gwamnati, sai dai a nan 'yar gidan ce mai tsada. Ku tambayi mai sayarwa tafkin da aka ɗebo ta da shekarar. Mai kayan kirki zai faɗa nan take, sau da yawa za ku ji sunan Lower Rice Lake, babban tafkin shinkafarsu da ke gundumar Clearwater, gabas da Mahnomen.

Wuraren saye: hukumar White Earth kanta tana sayen ɗanya daga masu girbi ta gyara ta sayar, akwai Native Harvest a Callaway, na ƙungiyar dawo da ƙasa da Winona LaDuke ta kafa a 1989, akwai kuma iyalai masu sayar da tasu. Ku buga waya kafin ku tashi, ƙananan wurare ne, ba kullum suke buɗe ba. Ku riƙe tsabar kuɗi. Kuma don Allah ku bar ciniki a gida. Kuɗinta ya kan ninka na ta kanti, amma wanda ya wuni cikin rana, ƙaiƙayi mai tsini na shiga masa ido da wuyan riga, tsutsotsi da gizo-gizo na yawo a jikinsa, bai cancanci a ce masa “rage mana” ba. Hoto ma sai kun tambaya. Mutanen da a 2018 suka kafa dokar da ta ba shinkafar haƙƙin rayuwa, suka kuma shigar da ƙara da sunanta a 2021 kan bututun mai na Line 3, ba abin kallo suka ɗauke ta ba.

Dahuwa ita ce inda aka fi kuskure. Ku wanke ta sau biyu ko uku har ruwan ya washe, ku tsame ƙaiƙayin da ya taso. Kofi ɗaya, ruwa kofi uku, ɗan gishiri. In ya tafaso ku rage wuta, ku rufe. Daga minti 15 ku fara dubawa. Yawanci ba ta wuce 25. Da zarar ƙwayar ta tsage farin cikinta ya leƙo, ku sauke ku tsiyaye sauran ruwan. In kuka bari ta nannaɗe gaba ɗaya, ta caɓe, ɗanɗanon ya gudu. Tana kumbura ninki uku ko fiye, kofi ɗaya ya ishi mutum huɗu.

Ba ta tuwo, ba ta da danƙo, kada ma ku wahalar da muciya. Dafa-duka ma ban ba da shawara ba, tumatir da yaji mai yawa suna binne ƙamshin da kuka biya kuɗi dominsa. Romon kaza maimakon ruwa, albasa da aka soya da man shanu, ko miyar ganye mara nauyi, nan ta fi fitowa. Da safe wasu na cin ta da madara da zumar itacen maple, yarana sun fi son haka.

Busasshiya tana shekaru a kwalba mai murfi in ba danshi. In kun tsaya cin abinci a hanya kuka ga miyar shinkafar tafki, ku tambaya kafin ku yi oda, don a yankin sukan yanka naman alade a ciki.